Ma'ajiyar da Injiniya Ya Zaɓa

Ƙanena ba injiniya ba ne. Sakandare ma da ƙyar ya gama ta, ni nake yi masa aikin lissafi. Sunan ba'a ce ta yara, shi kuwa ya ɗauka yabo ne, ya riƙe shi har gemunsa ya yi fari.

Shekara talatin da biyar yana ɗaukar bidiyo. Ya fara tun kyamara tana kamar buhun siminti a kafaɗa, har yau kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran fanka da tela. A ciki akwai labule shuɗi da ya koɗe, da kanta cike da tsofaffin kaset da babu mai injin kallonsu. Can baya, inda iska ba ta kaiwa, 'yarsa Auta ke zaune gaban kwamfuta tana yanka hotunan da ya ɗauko tana haɗawa. Shekara bakwai tana wannan aiki. Idan mai kaya ya yaba, ƙanena ya ce, "Hannu ne, ya daɗe." Idan aka kushe, ya juya ya ce, "Ke, me kika yi wa aikin mutane?"

Ba zan rage masa ba, ya iya haske. Zai shiga ɗaki ya dubi taga, ya ce wa mutum matsa nan, sai mummuna ya fito kamar ɗan mutane. Amma masu waya sun cinye kasuwar. A shekarun nan hoton fasfo ne ke ciyar da shi.

Ana cikin haka wata likita ta zo shagon. Mahaifiyarta ta haura tamanin, hankalinta ya fara tafiya yana dawowa. Likita tana so a ɗauki tsohuwar a mota, da direba da mai kula da ita, a kai ta garuruwa huɗu da ta zauna a rayuwarta, a kunna kyamara ta faɗi abin da ta tuna kafin ya ɓace mata. Kwana goma sha biyu. Ita Likita asibiti ba zai sake ta ba, sai dai a riƙa haɗa mata guntaye daga hanya ana turo mata. Ta zaɓi ƙanena ne don shi ya ɗauki taron kammala karatunta, tsohuwar kuma ba ta jin kunyarsa.

Auta ta ce a tafi da ita. Ya ce wa zai tsare shago, telan?

Kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka tsohuwa ce, cikinta ba fili. Dole a sayi ma'ajiya ta waje, wadda ake jona wa da waya, a zuba bidiyon a ciki, a yi aikin daga cikinta. Ranar sayen na bi su, don ina neman cajar waya. Mai shagon ya ajiye guda biyu a kan gilashi. Ɗaya ba ta kai akwatin ashana biyu ba. Ɗayar kamar sandar sabulun wanki.

"Wannan ƙaramar babu abin da ke motsi a cikinta," in ji mai shagon. "Tana da sauri, ko ta faɗi ba ruwanta. Babbar akwai faifai a ciki yana juyawa. Ta fi ɗaukar kaya ninki huɗu, ta fi araha, amma ta zaman tebur ce. Ba ta son girgiza."

"Baba, ƙaramar," Auta ta ce. "A mota za ka yi aiki."

Ya ɗauki ƙaramar ya auna a tafinsa, ya taɓe baki. Ya ɗauki babbar ya jinjina. Ya sa aka jona masa ita, ya kara a kunne ya lumshe ido.

"Ka ji ko? Tana numfashi. Waccan gawa ce. Yaya zan zuba aikin mutane a abin da ba na jin motsinsa?"

"To a sayi biyu, ko ɗaya ta samu matsala. Ko a ƙaro memorin kyamara, ka daina gogewa," in ji Auta.

"Malam, ka ga abin da na haifa?" ya ce wa mai shagon. "Shekara talatin, ba miji ba ofis, amma ta iya kashe kuɗin wasu. Na fara ɗaukar hoto uwarta ma ba ta san ni ba."

Mutanen shagon suka yi dariya. Auta ta dubi takalminta. Na ce, "Injiniya, yarinyar nan ta fi ka sanin abin nan." Ya ce, "Yaya, ke sayi cajarki."

Yana da wata al'ada tun zamanin kaset, lokacin da ake maimaita kaset ɗaya sau goma. Memori biyu gare shi na kyamara. Kullum da yamma ya juye su, ya goge su tas, wai ya yi musu wanka. Ba ya iya barci da memori mai kaya. Don haka duk abin da tsohuwar ta faɗa a tafiyar nan wuri ɗaya yake zaune, cikin sandar sabulun nan.

Labarin tafiyar daga bakin direba na ji. Ya ce kwanakin farko tsohuwar ta buɗe kamar ba ita ba. Ta nuna rijiyar gidan da aka haife ta, ta gane ajin da ta koyar shekara ashirin, ta yi awa biyu tana magana a gindin wani bango. Shi direba a mota yake jira, mai kula da ita kuma tana gefe da wayarta. Ƙanena ne kaɗai a gabanta.

Haɗa hoto kuwa ba hannunsa ba ne. Abin da Auta ke yi a awa ɗaya shi sai ya wuni, ga ma'ajiyar tana jan ƙafa. Likita tana ta tambaya. Sai ya fara aiki a cikin mota ana tafiya, kwamfuta a cinya, ma'ajiya a kan gwiwa. Rana ta tara, bayan azahar, motar ta faɗa rami. Ma'ajiyar ta daki ƙarfen kujera tana cikin juyawa. Ya ɗauko ya kara a kunne. Ƙas, ƙas, ƙas.

Bai kira Auta ba. Da suka isa masauki ya ari sukudireba wajen direba, ya buɗe ta, ya goge faifan da hankici da ɗan sifirit, yadda yake wanke kan injin kaset a da. Ya mayar ya ɗaure. Ko ƙas ɗin ma ta daina. Ya ci gaba da ɗauka kwana uku bai ce wa kowa komai ba. Amma tsohuwar ta riga ta gaji. Kwana ukun nan barci take yi, ko ta zuba wa taga ido.

Da suka dawo Auta ta kai ma'ajiyar wajen mai gyara. Ya duba ya ce da ba a buɗe ba da an ceto kusan duka. Yanzu kuwa sai dai a danne takarda da ita.

Sati biyu ƙanena yana ɓuya. A sati biyun nan tsohuwar ta daina gane 'yarta. Likita ta zo shagon da hantsi, ina nan zaune. Kafin ta zauna ya nuna bayan ɗaki.

"Yarinyar nan ce ta zaɓo kayan banza. Na faɗa mata."

"Ƙarya kake," na ce. "Ina wurin."

Likita ba ta dubi kowa a cikinmu ba. Ta tambayi abin da ya rage. Auta ta kunna mata: tsohuwa tana barci a kujerar mota, haske ya kwanta mata a kumatu gwanin kyau. Sai guntaye biyu da ya tura daga hanya, minti ɗaya-ɗaya, ya ɗora kiɗa a kan muryar don ya fi armashi. Baki na motsi, ba a jin komai.

Likita ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo kujerar masu fasfo ta zauna, ta kunna rikodar wayarta ta ajiye a gabansa.

"Shi ke nan, Malam. Kai ka ji ta. Kwana takwas tana yi maka magana. Faɗa mini abin da ta ce, ko kaɗan ne. A gindin bangon nan, me ta ce?"

Ya gyara hula. Ya ce bangon fari ne, yana mayar da haske, sai da ya juya ta gefen hagu.

"Me ta ce?"

Ya ce akwai iska ranar, ya sha wahala da makirfo.

"Ta ambaci mahaifina? Ta ambace ni?"

Ya ce yana jin ta yi kuka a wani wuri, don ya tuna ya matso da hoton kusa.

Likita ta bar rikodar tana tafiya har minti guda, ko wani abu zai fito. Fanka kawai ta ɗauka. Ta kashe, ta sa wayar a jaka, ta yi wa Auta sallama, ta yi mini, ta fita.

Ƙanena ya zauna a kujerar masu fasfo yana kallon ƙofa. Can ya ce, "Yaya, ai aikina hoto ne. Ba a ce in saurara ba."

Na ce masa ya tashi daga kujerar, ga mai fasfo yana jira.