Sunansa Yaya Habu

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana, kuma har yau in na ce Yaya Habu a Dutse sai a ce wane ne haka. Kiyalas suka sani.

Farkon zuwan Turawa ne, aka kama shi dako yana saurayi, aka ɗora masa akwatin tangaran na wani Bature daga Jahun zuwa Dutse. Damina ce, rafi ya cika. Suna tsakiyar ƙetarewa ruwa ya ja abokin dakonsa, Ɗanladi. Yaya ya yar da akwatin, ya faɗa ya cafko shi. A bakin gaɓa Baturen ya nuna shi da bulala, yana ta maimaita kalma ɗaya, kiyalas. Tafinta ya sunkuyar da kai, bai fassara ba.

To mu me muka sani? Mutum ya ceci rai, Bature ya nuna shi a gaban jama'a, ai sai muka ɗauka kirari ne. Gari ya ɗauka. Ɗanladi da kansa ya fi kowa kiransa da shi, Yaya kuwa yakan amsa yana murmushi har furfura ta fito masa. Mutumin da ko igiyar akuya ba ya bari ta kwana a ƙasa!

Wani tsohon soja ne ya fasa mana ƙwan a kasuwa, cikin raha. Ya ce kiyalas kalmar Turanci ce, ma'anarta mai sakaci, wanda ba a ba shi amana. Aka yi dariya, Yaya bai yi ba. A hanyar gida ya tsaya ya dube ni.

"Wato tangaran ɗin Baturen ya so in riƙe?"

Daga ranar ya daina zaman majalisa. Ya roƙi mutane su koma ga sunan da Baba ya raɗa masa, amma baki ya riga ya saba. Ranar da ya cika, mai shela ma da wancan sunan ya sanar, ina ji ina kuka.

Yanzu a unguwar Limawa nakan ji 'yan boko suna jifan ƙannensu da kalmar don an zubar da koko. Cikin masu faɗar har da jikokin Ɗanladi, ba su san da hannun wa aka tsamo kakansu ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Duk wanda ya karanta wannan, in zai yi masa addu'a, don Allah ya ce Habu.