Fayil ɗin da Musaddiƙ Ya Ba Kawu

Ƙanena Musaddiƙ yana da kai, amma wallahi ba shi da baki. Shekara uku ya yi a Roni yana shigar da sunayen manoma a shafin intanet na wata ƙungiya mai raba iri da taki. Kun san sabis ɗinmu, kana tsakiyar aiki sai ya ɗauke.

Shi ne ya nemo dabara. Akwai abin da suke kira kukis, 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa a kwamfutarka don ya gane ka, ba sai ka sake sa lambar sirri ba. Nasa a wani tsarin rubutu da ake kira JSON suke fitowa, manhajar da ke tura sunaye da yawa a lokaci guda kuma wani tsohon tsari mai suna Netscape kaɗai ta sani. Ya rubuta layi talatin a yaren kwamfuta na Python, ya juya wannan ya koma wancan. Kwana biyu yana fama da ranar ƙarewarsu kafin ta daidaita. Aikin mako ya koma na yini guda. Ina tankaɗe yana ta yi mini bayani, ko rabi ban gane ba.

Sai Kawu Zaharadeen, ƙanen Innarmu, wanda ya samo masa aikin, ya ce, "Ɗan nan, sa mini abin nan naka a filashi in gani."

Musaddiƙ ya san kukis ɗinsa na cikin fayil ɗin nan, duk wanda ya riƙe shi shafin zai ɗauka Musaddiƙ ne. Ya sani sarai! Amma a gidanmu ba a tambayar kawu dalili. Ya ce, "To, Kawu."

Ba a daɗe ba aka cire sunayen manoman Gwiwa arba'in daga shafin, aka cusa na 'yan unguwar Kawu. Da aka bincika, sunan wa aka gani? Na Musaddiƙ mana. Aka kira shi gaban kwamiti, Kawu na zaune a cikinsu yana jan carbi. Suka tambaye shi ko ya ba wani. Ya dubi ƙasa ya ce bai ba kowa ba. Suka kore shi.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba, ka buɗe baki mana!"

Ya ce, "Yaya, in na faɗa, da wane ido Inna za ta sake shiga gidan ɗan'uwanta?"

Yanzu acaɓa yake yi tsakanin Roni da Kazaure. Mutanen Gwiwa in sun gan shi a tasha, sai su wuce su hau babur ɗin wani.