Bindigar da Halidu Ya Ɓoye a Rumbu

Duk wanda ya san Tungar Ɗangana, can ƙasar Bangi kusa da iyaka, ya san Halidu mai gyara. Ba maƙeri ba ne, ba kuma wanda ya koya masa, hannunsa ne kawai ba ya ganin abu a lalace ya ƙyale. Keken ɗinki, rediyo, injin ban ruwa na masu albasa, duk gidansa ake kai su. Sai ya kwance abu ya baza a tabarma, ya ƙura masa ido kamar mai jiran ya yi magana. Sau da yawa abin ya tashi. Wani lokaci kuma ya miƙo maka kayanka da ƙusoshi a hannu, ya ce dama ba su da amfani. Ni maƙwabcinsa ne, darni ɗaya ya raba mu, kuma rediyona na cikin waɗanda ba su tashi ba.

Amma in ka tambaye shi sana'arsa, noma zai ce maka. Gonar da ya gada wurin ubansa jigawa ce mai faɗi gabas da gari, a cikinta aka haife shi wata damina uwarsa na kai abinci. Bai taɓa kwana nesa da ita ba, ko ci-rani bai je ba.

Sai ɓarayin daji suka fara tsallako iyaka bisa moto, wato babura. Yau a kore shanun wancan ƙauye, gobe a ɗauke mutumin wancan. Gidaje suka fara ɗaure kaya bisa amalanke. Matarsa Zaliha, mace mai haƙuri amma ba mai ɓoye magana ba, ta same shi.

"Baban Usama, mu tashi. Kowa na tahiya Madawa, mu mi muka jira?"

"In munka tahi, wa ka noma gonar baba?" in ji shi. "Bari ki gani, akwai abin da za shi tsare mu."

Abin nan bindiga ce. Ƙanensa Ridwan ne ya zo da ita daga wajen haƙar zinariya a arewa, ya bar masa ya koma. Tsohuwa ce, ta bi hannu da yawa, irin wadda ake zuba wa harsasai a ƙaramin gida daga ƙasa, in ta harba ɗaya ta tofar da kwanson ta ɗauko na gaba da kanta. Haka aka ce tana yi lokacin ƙuruciyarta. A hannun Halidu kuwa, wani lokaci harsashin ya ƙi hawa, ya tsaya a karkace. In ya hau ta harba, kwanson ya maƙale a ciki sai an zungure shi da ƙarfe.

Ga wahala ta biyu: ba dama ya gwada ta. In jandarma suka ji, gidan kaso. In ɓarayin suka ji cewa tungar na da bindiga, wannan ya fi muni. Don haka sai ya jira damina. In hadari ya haɗo da yamma, kowa na gudu gida, shi kuwa ya naɗe ta a buhu ya nufi kwari, ya tsaya cikin ruwa yana jiran tsawa. Da ta faɗa sai ya danna. Harbi ɗaya, kwanso ya maƙale. Ya dawo jiƙe sharkaf, ya kwance ta ya sake ɗaurawa. In ruwa ya ɗauke kuma, gyara ya koma na zato har wata shekara.

Cikin rumbu yake ɓoye ta, ƙarƙashin damman gero, don ba mai shiga rumbun wani. Kafin ya tura ta sai ya shafe ta da man gyaɗa, ciki da waje, yadda ya ga ubansa na yi wa tsohuwar bindigarsa ta farauta. Man ya bushe ya yi danƙo, ƙaiƙayi ya manne. In ya fiddo ta ya ji ta yi tauri, sai ya ce ƙishirwa take ji, ya ƙara mata. Na sha gaya masa ya rabu da abin nan, ya ce ni da ban iya sa wa rediyo batir ba.

Daga baya dai ya ɗaure ƙarafan cikinta a tsumma, ya kai wa Yosefu, wani tsohon soja da ke gadi a asibitin mishan, wanda Halidu ya taɓa gyara wa keke. Yosefu ya kai hanci ya sansana.

"Halidu, wagga bindiga ta ko ƙuli-ƙuli? Mi kaka shahwa mata?"

"Man gyaɗa, awa yadda baba ka yi."

"Taka ba irin ta baba ba ta. Kuma ko ka wanke ta, haƙorin da ka jawo kwanso ya cinye, ba ka samun wani. Ka kai ma jandarma, ko ka jehwa ta rijiya."

Bai kai ba, bai jefa ba. In ya yarda ta mutu, ya yarda ke nan da tashi, shi ya sa. Ya wanke ta, ya goge wani ƙarfen keken ɗinki ya yi mata sabon haƙori, ya mai da ita rumbu yana jiran hadari. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi.

Ɓarayin ba su jira masa damina ba. Da hantsi suka zo, bayan girbi, Halidu na gona yana tattara kara. Suka kore shanu da tumaki, suka cinna wa rumbuna wuta, suka hau moto suka juya. Har mun fara cewa alhamdu lillahi, ba a taɓa rai ba. Sai wuta ta cim ma harsasan da ke ƙarƙashin geron Halidu, suka dinga fashewa ɗaya bayan ɗaya. Ɓarayin suka ɗauka wani ne ke harbin su. Suka juyo.

Ba zan faɗi duk abin da ya biyo baya ba. Mun binne mutane, mun kwashi abin da wuta ta bari. Saƙon da suka bar mana shi ne duk wanda suka gani yana shuka a wannan ƙasa, ya kuka da kansa.

Yanzu a bayan Madawa muke, cikin bukkokin leda. Ba wanda ya ce wa Halidu kome, shi ma ba ya kallon idon kowa. Dakon buhunan albasa yake yi a tasha, in an kawo masa gyara ya ce ya bari. Abin da ya tsira da shi ɗaurin zangarniya ne da ke rataye a ɗaki, irin shuka na geron gidansu, wanda ake zaɓa kowace kaka tun zamanin kakansa. Ya rataye shi a bukka, ba mai taɓawa.

Bana da ruwan shuka ya sauka, ina zaune wurinsa, gidan ba a ɗora tukunya ba tun jiya. Zaliha ta fito ta tsaya, idonta na kan ɗaurin. Halidu ya daɗe yana kallon ƙasar da ta jiƙe. Sannan ya tashi ya kwanto shi da hannunsa, ya miƙa mata.

"Daka ma yara," ya ce.