Yaya Glenys, Mai Sauraron Sakata

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, aka bugo mana waya daga asibiti cewa Glenys Tuckwell ta cika, bayan doguwar jinyar ciwon daji. Mijina Darryl, ƙaninta, ya ajiye wayar, ya fita bayan gida ya tsaya a bakin shingen tafkin ninkayarmu. Ni kuma na zauna a kicin na yi kukan da na daɗe ina ɓoye masa.

Yaya Glenys, duk mai tafkin ninkaya a bayan gidansa a garinmu Mildura ya san ki, kuma ba duka ne suka so ganin motarki a ƙofarsu ba. Tun da doka ta ce kowa ya yi rajistar tafkinsa, ko bahonsa na ruwan ɗumi, a ƙaramar hukuma, a kuma duba shingensa kafin a ba shi takardar shaida, ke ce kika zama mai dubawar da ake gudu. Wasu masu dubawa sukan auna tsayin shinge su tafi. Ke kuwa sai kin durƙusa kin zagaye shi da gwiwa, wai ki ga abin da ɗan shekara biyu zai gani. Sannan ki buɗe ƙofar shingen kamar faɗin tafin hannu, ki sake ta, ki rufe ido. In sakata ta ce ƙas da kanta, kin sa hannu. In ta yi shiru, ko gwamna ne sai ya gyara.

Sai daga baya na san dalili. Kafin wannan aikin kin yi shekaru a motar asibiti, kuma kin taɓa tsamo yaro daga ruwa ana tsakiyar biki, manya cike da gida. Ba ki taɓa faɗa mini sunansa ba. Abin da kika ce kawai shi ne, "Lorraine, yaro ba ya ihu a cikin ruwa. Shiru ake ji."

Amma masu cewa kin cika tsauri ba su ga abin da na gani ba. Tsohuwar nan Mrs Papadakis, da kika ce reshen lemonta ya zama tsani a jikin shinge, ta fashe da kuka don marigayi mijinta ne ya shuka itacen. Ba ki sa mata hannu ba. Ranar Asabar sai ga ki da zarto da tsohuwar hular Col, mijinki, kika sassabe rassan ƙasa kika bar mata itacenta. Har kika kwanta ciwo ba ta fasa aiko miki da lemo ba.

Sai abin ya zo gidanmu. Darryl ya yi rajista, ya kira ki da murna, a zatonsa naka sai naka. Ƙofar shingenmu tana rufuwa da kanta in an wangale ta, amma daga faɗin tafin hannu sai ta jingina ta yi shiru. Kika ƙi sa hannu. Ya haɗiye wannan. Abin da bai haɗiye ba shi ne na ranar Kirsimeti, wadda a ƙasar nan take faɗowa cikin bazara, ana zafi kamar a gasa mutum, da ya tokare ƙofar da kular ƙanƙara don ya riƙa wucewa da nama, kamar yadda rabin garin nan ke yi. Jikarmu Tilly a lokacin tana rarrafe. Kika tashi a gaban baƙi kika janye kular da ƙafa.

"Haba Yaya, yau ma aiki kike? Ga mu nan fa mu goma sha muna kallonta!"

"Su ma manyan gidan bikin can suna kallo," kika ce. "Ka girma, amma har yanzu kunnen ƙashi gare ka."

Ya ce ki bar masa gidansa. Kika ɗauki kwanon salak ɗinki kika tafi. Daga nan zumunci ya yi sanyi, ana haɗuwa a kanti a ɗaga hannu kamar maƙwabtan nesa. Ku biyun kanku ɗaya ne, dutse. Ni ce na sha wahala a tsakani, ina kai gaisuwar da ba a aiko ni da ita ba. Da likitoci suka ce ciwon ya ci ƙarfinki, tsoro ya kama ni ƙwarai, kada ki tafi ba ku shirya ba.

Darryl bai iya ba da haƙuri da baki ba, tun yana yaro ke kika sani. Wata safiya na ji shi yana ƙwanƙwasa ƙarfe a bayan gida, ya canza maɗauran ƙofar tafkin duka. Da yamma ya ce in raka shi asibiti. Ya tsaya a gefen gadonki yana murza hula, sannan ya ciro waya ya kunna miki hoton bidiyo: hannunsa, ƙofa a buɗe faɗin tafi, ya saki. Ba ki ko kalli wayar ba. Kika rufe ido.

Ƙas.

"Sake," kika ce. Ya sake kunnawa.

"To, ta yi. Amma ka ɗiga mata mai, wawa, tana kuka."

Ya durƙusa ya kifa kansa a kan hannunki, ƙaton mutum mai furfura, yana ta kuka kamar ranar da kika fara raka shi makaranta. Kika dafa kansa. Ban taɓa gode wa Allah kamar ranar ba.

Bayan an kai ki makwanci, a gidanmu aka taru. Mutane sun cika ko'ina, ana shiga da kujeru ana fita da farantai, kowa idonsa a jiƙe. Wani bawan Allah, don ya sauƙaƙa wa masu ɗauko kujeru, ya tokare ƙofar tafki da tukunyar furen da aka kawo na ta'aziyyarki. Ba wanda ya lura. Darryl ne ya hango daga baranda, ya ajiye kofinsa ya ratsa mutane ba ko sannu, ya ɗauke tukunyar. Muka ji ƙas. Kafin ya miƙe sai ga Tilly a guje, ta manna fuska a jikin shingen tana nuna ƙwallonta da ke yawo a tsakiyar ruwa. Taku kaɗan ne tsakaninta da ƙofar.

Darryl ya ɗauke ta ya rungume, ya kalle ni. Kin tafi, Yaya, amma ranar ma ke kika rufe ƙofar nan.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa kin huta. Yadda kika tsare 'ya'yan mutane, waɗanda suka gode da waɗanda suka zage ki, Allah ya tsare naki a bayanki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Col, da 'ya'yanki Narelle da Shane, da mijina Darryl, wanda yanzu kowace safiya sai ya buɗe ƙofar nan faɗin tafi, ya sake ta, ya rufe ido. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.