Mai Gilashi da Tsagar Bango

Yayana mutum ne da ba ya iya wuce fasasshen gilashi. Ba yabonsa nake yi ba, ciwo ne, kuma tun muna yara yake fama da shi. In muka je gidan mutane ya hango taga ta tsage, to hira ta ƙare. Ana yi masa magana yana "eh, eh," idonsa na kan tagar. Washegari sai ka gan shi ya koma da tef ɗin awo, ba wanda ya kira shi. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji ta zuba masa ido. Ni ce dai ban gaji ba, don ni bakina ba ya mutuwa.

Shagonsa yana ƙasan wani tsohon bene wanda a da gidan buga littattafai ne. Injinan sun daɗe da tafiya, amma in aka yi ruwa sai warin tawada ya taso daga daɓe. A ƙasa akwai shi, da mai gyaran agogo, da mai kwafin takardu. A sama mu teloli ne, kekunanmu a jere bakin tagogi. A shagon nan ya yi samartaka, a nan ya yi furfura, har mutanen titin suka manta sunansa, kowa Mai Gilashi yake ce masa. Gilasansa a jingine suke da bangon baya, manya a ciki, ƙanana a gaba, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa.

'Yarsa ta fari a ƙarƙashin teburin yankansa ta girma. Injiniya muke ce mata don tsokana, saboda tun tana ƙarama ba ta shiga ɗaki ta bar kujera inda ta same ta. Da ta shiga jami'a a wani gari na tambaye ta me take karantawa. Ta ce tsara cikin gini, da yadda ake raya tsofaffin gine-gine a ci gaba da amfani da su maimakon a rushe.

Na ce, "Au, gyaran tsohuwar riga? Ai da kin hawo sama na koya miki kyauta."

Ta yi dariya ta ce, "Goggo, wallahi kusan haka ne." Uban kuwa baki har kunne, ko rabin bayanin bai gane ba.

Tana shekarar ƙarshe mai ginin ya rasu, ɗansa ya gada. Yaro ne mai hanzari, ya zo da wasu mutane masu hular kwano suka zagaya, suka ce rushewa za a yi a gina sabo. Ranar Yaya ko abinci bai iya ci ba. Ya zauna a kan bencinsa yana jujjuya abin yankan gilashi a hannu, na hau na sauko yana nan. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don na san in aka fitar da shi daga shagon nan an gama da shi.

Injiniya ce ta je ta sami magajin da zane-zanenta. Ta roƙe shi ya bar ta ta yi aikin kammala karatunta a kan ginin, ya dakata har ta gama. In gini ya tabbata lafiyayye ne, malamarsu za ta taimaka a tsara yadda za a gyara shi ya fi sabo kawo masa haya. Ya amince yana 'yar dariya, irin ta wanda ya san ƙarshen magana.

Matsala ɗaya ta samu. A bangon bayan shagon Yaya, wanda ke ɗauke da matakala da rabin bene, akwai tsaga siririya daga daɓe har silin. Ta sa ubanta ya matsar da gilasansa gefe kaɗan, ta ɗauko wani ɗan gilashi mara kauri, tsawonsa bai wuce yatsa ba, ta manna shi a gicciye kan tsagar, gam a wannan gefe, gam a wancan. A kan matakala ta yi mini bayani da murya ƙasa ƙasa.

"Goggo, in bangon yana motsi, gilashin nan zai tsage. In bai tsage ba, tsohuwar tsaga ce, ta daɗe da tsayawa. Amma kada Baba ya ji, kin san hawan jininsa. In ya san ana zargin bangonsa ba zai ƙara barci ba."

Shi kuwa abin da ta ce masa kawai shi ne, "Baba, ka kula mini da wannan. Duk mako ka ɗauki hotonsa ka turo mini. Karatuna gaba ɗaya a kansa yake." Ya dafa ƙirji ya ce ta tafi hankali kwance, ta koma makaranta.

Damina ta shigo, abubuwa suka fara. Kwarkwaron zare ya faɗo mini daga kan keke, maimakon ya tsaya sai ya gangara, a hankali, har ya je ya tsaya a kusurwar matakala. Na ɗauko na ajiye shi a ƙasa da gangan, ya sake bin hanyar nan. Ƙofar sama da muke turawa da yatsa ta koma sai an sa kafaɗa. Wata safiya na shimfiɗa baƙin yadi na juya ɗaukar almakashi, ina dawowa na tarar da farin gari a kansa, siriri, a layi ɗaya. Na ɗaga kai, ban ga komai ba.

Mai gyaran agogo ma ya hawo yana mita. Babban agogon bangonsa mai lilo ya tsaya, ya buɗe shi ya duba, lafiyarsa ƙalau. In ya riƙe shi a hannu ya miƙar sai ya yi aiki, in ya mayar bango sai ya mutu.

Duk lokacin da na ga irin haka sai in sauka in leƙa shagon Yaya kamar na zo aron tsintsiya. Ɗan gilashin da ke kan tsagar yana nan garau, yana ƙyalli, ko ƙura babu. Tsagar ma kamar ta fi da kyan gani. Na kira Injiniya a waya na zayyana mata komai. Ta ce, "Goggo, katako yana kumbura da damina, shi ya sa ƙofar. Ga hoton jiya a gabana, gilashin bai yi komai ba." Na ce to, ai ku ne masu karatu. Amma na daina jingina da bangon nan in na zo hutawa.

Da ta gama rubuta aikinta, aka sa ranar da malamarsu da 'yan ajinsu za su zo su gani da idonsu. Ta iso da wuri ta hau gyaran sama. Tsarinta shi ne a buɗe tsakiyar ɗakin haske ya ratsa, don haka ta sa aka ja kekunanmu duka, da teburin guga, da kabad ɗin yadi, aka tara su ɓangaren matakala. Gaskiya wurin ya yi kyau, har na ji haushin ban taɓa tunanin haka ba. Sai dai lokacin da ake jan kabad ɗin na ji wani ƙara a ƙarƙashin ƙafata, gajere, kamar an karya busasshen kara. Na dubi kowa, ba wanda ya ɗago.

Da hantsi suka iso, mota cike. Ɗalibai suka hau sama suna ɗaukar hoto suna taka daɓe da ƙarfinsu na yara, magajin ma ya zo. Malamar, wadda suke ce wa Dakta, mace ce mara yawan magana. Ta ce kafin komai a nuna mata tsagar. Muka shiga shagon Yaya, ni da ita da Injiniya. Yaya ya sha sabon ɗinkin da na yi masa, yana tsaye kamar ango.

Dakta ta durƙusa ta dubi gilashin. Ta daɗe. Ta ƙwanƙwasa shi da farce, sannan ta juyo ta dubi Injiniya.

"Wannan ba irin wanda muke ba ku ba ne. Ya yi kauri."

Kafin yarinyar ta buɗe baki, Yaya ya matso yana murmushi.

"Ranki ya daɗe, ai wancan na makarantarku ba shi da ƙwari ko kaɗan. Ko mako bai yi ba ya tsage. Na ce yarinyar nan ta ba ni amana, ba za ta faɗi jarrabawa a kan ɗan gilashi ba ina raye. Na yanka wani daidai shi na manna. Shi ma ya tsage. Na sake, ya sake. Kai, na sha fama! Daga baya na ce bari in sa na teburi, mai kauri. Shi ma ɗin gam ɗinsa ke ɓallewa ta gefe ɗaya, sai in ƙara. Tsagar kuma da na ga tana buɗe baki tana ɓata hoton, sai na riƙa cike ta ina shafa fenti."

Ya faɗa yana duban 'yarsa, yana jiran ta ce sannu Baba.

Injiniya ta dafa teburin yanka. A samanmu ƙafafu sai kai da kawowa suke yi, wani yana dariya. Dakta ta zaro biro ta soka a cikin fentin da ke kan tsagar. Biron ya shige gaba ɗaya, ta saki, muka ji ya faɗa can ciki.

Ta miƙe a hankali ta ce wa Injiniya, "Hau ki sauko da su. Ɗaya bayan ɗaya, ba gudu, kada ki ce musu komai sai sun fita." Ta juyo gare ni. "Mama, ki kama hannunsa ku fita yanzu."

Yaya ya ce, "Lafiya? Wani abu na yi?"

Na ce, "Yaya, don girman Allah taho." Ni mai baki, ranar iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Muka tsaya a tsallaken titi muna kallon ƙofar matakala. Suna fitowa ɗaya ɗaya, wasu da waya a hannu suna tambayar me ya faru. Teloli suka fito, mai agogo ya fito rungume da agogonsa, mai kwafi ya fito. Injiniya ce ƙarshe, farin gari a kan mayafinta.

A nan bakin titi ta yi wa ubanta bayanin abin da gilashin yake yi. Ya saurara har ta gama. Sai ya juya ga Dakta ya tambaye ta, da murya irin ta yaro, ko da ya bar na farkon a fashe da me zai faru.

Matar nan ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, "Da mun zo tun lokacin mun tokare bangon da ƙarfe, mun gyara ƙasansa. Da ginin ya tsira, Baba. Yanzu ba zan bar kowa ya shiga ba, ko don ɗaukar allura."

Magajin ya koma gefe yana kiran mutanensa masu hular kwano. Kafin la'asar an zagaye ginin da kwano da jan ƙyalle, kekunanmu a ciki, gilasan Yaya a ciki.

Aikin Injiniya bai mutu ba, Dakta ta sa ta sake rubuta shi a kan abin da ya faru. Amma yarinyar ba ta yi murna ba, kuma ba ta taɓa ce wa ubanta laifinsa ne ba. Shi ma bai ce nata ne ba. Kullum da safe sai ya yi wanka ya sa hula ya tafi ya tsaya a tsallaken titin, abin yankansa a aljihu.

Ana jibi za a kawo motar rusau muka bi shi, ni da Injiniya, don mu dawo da shi gida. Rana tsaka, titi ba hayaniya. Muna tsaye sai muka ji ƙara daga cikin shagon, tas! Can kuma wani, tas! Bangon ne yake danne gilasan da ke jingine da shi, suna fashewa ɗaya bayan ɗaya ba mai taɓa su.

Yaya ya sa hannu a aljihu ya taka zai tsallaka. Injiniya ta riƙe hannun rigarsa da hannu biyu.

"Baba, bar shi," ta ce. "Bar shi a fashe."

Ya tsaya. Muka ci gaba da saurare har suka ƙare.