Goron da Kaka ta kai Charleston

Makon jiya na je Pleasant Garden duba wata tsohuwa da nake yi wa jinya a gida. Ina fitowa daga mota sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan kwalta. Wani Bature ne a kan doki, yana tafiyarsa a gefen titi. Wallahi sai da na dafa mota. Ba tsoron doki nake ba. Amma duk inda na ji kofato yana dukan ƙasa mai tauri, sai in koma 'yar shekara goma sha ɗaya, in gan ni tsaye cikin rana a Charleston, kakata tana riƙe da hannuna, ni kuwa ina neman ƙwacewa.

A lokacin muna haya a garin Greensboro, a wani gida mai ɗaki biyu a titin High Point Road, wadda yanzu ake kira Gate City Boulevard. Baba yana lodin kaya a wani sito, Mama tana kitso. Kaka, mahaifiyar Baba, daga zangon Kumasi aka ɗauko ta don ta yi renon ƙanena. Ɗaki ɗaya muke kwana ni da ita, ɗakin kullum ƙamshin man kaɗanya da citta. Sunanta na ci, shi ya sa take ce mini Takwara, Baba kuma bakinsa ba ya iya kama sunan mahaifiyarsa, sai ya ce mini Uwata. Kaka ba ta son Greensboro ko kaɗan. Cewa take garin da maƙwabci zai wuce ka ba sannu ba gari ba ne. Da sanyi tana manne da na'urar ɗumama ɗaki, da zafi tana bakin taga, goro a kumatu, tana ƙirga motoci.

Da aka ba mu dogon hutu sai Baba ya ce ranar Asabar zai kai mu Charleston yawon buɗe ido, mu je mu dawo a yini ɗaya. Abokan aikinsa ne suka ba shi labarin garin: tsofaffin gidaje, keken doki, jirgin ruwa mai zagayawa da mutane. Cikin zancen ya ce a nan ne ma jiragen da suka kwaso bayi daga wajenmu suke sauke su. Kaka, wadda ko kanti sai an lallashe ta take zuwa, ta daina tauna.

“A nan aka sauke su?”

“Haka aka ce, Mma.”

Washegari ta sa ya kai ta shagon kayan Afirka, ta zaɓi farin goro da hannunta, manya masu kyau, ta wanke, ta naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle.

Ranar Juma'a da hantsi tana tsefe mini kai ta gaya mini dalili. Kakan kakanta farke ne, yana fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Maƙwabcinsa ya ba shi amanar ɗansa saurayi, ya bi ayari ya koyi sana'a. A kasuwar Salaga ya sayar da shi ga masu gangarawa da mutane bakin teku. Ya koma gida ya ce zazzaɓi ya kashe shi a hanya, aka yi zaman makoki, shi ma ya shimfiɗa tabarma ya karɓi gaisuwa. Sai da ya zo gargara ya faɗa wa 'yarsa gaskiya, lokacin dangin saurayin sun watse, ba wanda ya san inda suka nufa. Tun daga nan matan gidan suke miƙa wa juna maganar, haɗe da sunan wanda aka sayar. Kaka ta ce haƙƙin mutum Allah ba ya shiga sai mai shi ya yafe, ita kuma ba ta son ta kwanta dama da wannan kaya a kanta. Shirinta mai sauƙi ne. A wajenmu duk garin da baƙo ya sauka yakan nemi sarkin zango, ya kai goro, ya yi cigiya. Za ta nemi babban baƙaƙen garin, ta faɗi sunan, ta roƙi gafara a madadin gidanmu. Sau uku ta maimaita mini sunan. Ni kuwa hankalina yana kan sabon takalmin da zan saka.

Bayan sallar asuba muka kama hanya, kula cike da wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan na Kumasi, da dafaffen ƙwai. Sama da awa huɗu muna tafiya. Tun kafin mu ga ruwa warin laka ya shigo motar, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Zafin garin kuwa mai ɗanko ne, riga tana manne wa baya. Muka yi ta yawo. Gidaje masu fenti kala-kala, tituna na duwatsu da ke gurɗe ƙafa, igwa a jere tana kallon teku, ƙanena yana kuka sai an ɗora shi a kai. Dawakai suna jan keke cike da Turawa, kowane doki an ɗaura masa jaka a ƙarƙashin wutsiya. Kaka ta ce ikon Allah, garin da ake sa wa doki kamfai. Dariyarta ke nan ta ƙarshe a ranar.

Duk kwanar da muka sha sai ta tambaya, “Ina zangon?”

“Mma, nan babu zango.”

“Garin bakin ruwa babu zango? To baƙi ina suke sauka?”

Baba ya ce mu tsaya ya ɗauke mu hoto.

Wajen azahar muka iso wani tsohon gini da aka ce a cikinsa ake sayar da mutane a da. Baba ya ce zai je ya matsar da mota, Mama ta tafi da ƙanena neman banɗaki. Aka bar ni da Kaka. A ƙofar ginin akwai wani dattijo baƙar fata, gemu fari fat, da malafa a kansa, yana yi wa taron 'yan yawon buɗe ido bayani. Aikinsa ke nan, ɗan rakiya ne. Amma Kaka da ta ga tsoho yana magana kowa ya yi tsit, Turawa ma suna gyaɗa kai, sai ta ce ga shi nan, ta ja hannuna.

Ta jira ya kai aya. Sannan ta cire takalmi, ta durƙusa a kan duwatsun nan masu zafi, matar da ko sallah a zaune take yi saboda gwiwa. Ta kwance ƙyallen, ta miƙa goron da hannu biyu. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta faɗi daga inda ta fito da gidan da ta fito. Ta ba da labarin duka, ba ta rage komai ba, ta faɗi sunan. Ta ce ko shi jininsa ne ko ba jininsa ba, shi ne babban da ta samu, ya yi wa Allah ya karɓa.

Taron duk ya juyo. Wasu sun ɗaga kamara. Akwai wata yarinya sa'ata, tana lasar askirim, tana kallon ƙafafun Kaka masu kaushi da lalle, sannan ta kalle ni. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Dama a makaranta ba abin da ba a ce mini ba a kan abincina da ɗankwalina. Dattijon ya sunkuyo, ya tambaye ni cikin ladabi me kakata take cewa.

Na ce masa da Turanci sayarwa take yi, tana tambaya ko zai saya.

Ya yi murmushi, ya ɗaga tafin hannu ya girgiza kai, ya ce ya gode. Ya ƙara da cewa in gaya mata a hankali ba a talla a wurin, kada a tsare ta. Ya juya da mutanensa suka shige.

“Me ya ce, Takwara?”

“Ya ce ba ya so.”

“Kin faɗa masa sunan?”

“Na faɗa.”

Ta daɗe a durƙushe, goron a hannunta. Can ta ce, “To. Yana da gaskiya.” Da ƙyar na tayar da ita, gwiwoyinta sun yi shatin dutse.

Da yamma Baba ya shigar da mu jirgin nan mai zagaya tashar ruwa. Ana nuna mana tsohuwar ganuwa a tsakiyar teku, tsuntsaye suna bin mu, ƙanena yana ihun murna. Kaka ta zauna a benci ta juya wa ruwan baya. Ba ta ci abinci ba. Da Mama ta tambaye ta sai ta ce rana ce.

Daga ranar Kaka ba ta ƙara sa goro a bakinta ba, matar da tun kafin a haifi Baba take ci. Wanda ta kai ɗin ya bushe a bakin taga, ya yi ja, ya yi tauri, ta hana a zubar. Ta rage magana, ta koma yin doguwar sujada a ƙasa duk da ciwon gwiwar. Sau nawa na yi niyyar faɗa mata! In na zauna kusa da ita sai ta shafa kaina, sai bakina ya mutu. Nakan ce gobe. Da shekara ta zagayo ta ce a mayar da ita gida. A filin jirgi ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara, har da ni. Na ce ba ta yi mini komai ba. Ta ce ita ma ta yafe mini duniya da lahira. Na buɗe baki ke nan layi ya motsa. Ba ta yi wata shida a Kumasi ba aka bugo mana waya.

Yanzu na girma, na san abin da ban sani ba. Wataƙila jirgin da ya ɗauki saurayin nan ko kusa da Charleston bai zo ba. Dattijon ma ba sarkin kowa ba ne. Amma na yi jinyar irinsa da yawa a garin nan, na ji yadda suke ƙishirwar ko kalma ɗaya ce daga can, kuma na tabbata da ya ji abin da ta ce, da bai bar ta a ƙasa ba. Abin yana ci na, ba zan ɓoye ba. 'Ya'yana ko “ina kwana” sai an ja su, su da kakansu kullum da Turanci suke hira, kuma babu wanda ya rage a gidanmu da zai cire takalmi a titi saboda laifin da aka yi kafin a haife shi.

Bara da ƙaramar sallah, bayan baƙi sun watse, na tarar da Baba shi kaɗai a baranda. Ya tsufa. Na zauna a ƙasa na kwashe komai na gaya masa, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Bai katse ni ba. Da na gama ya mayar da ido kan titi.

“Na ji ki ranar, Uwata,” ya ce. “Ban kai ga motar ba na dawo. Ina bayanku a tsaye, jikin wata bishiya. Na ga mahaifiyata a ƙasa, Turawa suna ɗaukar ta hoto, ƙafata ta ƙi zuwa. Ke yarinya ce. Ni fa?”

Sannan na ce masa ina so in koma garin in isar da saƙon, ko ga wa ne, amma sunan ya ɓace mini, shekara da shekaru ina lalube ban same shi ba. Na roƙe shi ya faɗa mini.

Ya juyo ya dube ni, idonsa ya cika.

“Ai mata ake gaya wa,” ya ce. “Ni duk shekarun nan na ɗauka yana wurinki.”