Baba Sikeli da Kwamfutar Hannun Jari

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba ma'auni. Aikinsa ke nan a ofishin gwamnati: ya shiga kasuwa da jakar duwatsun awo, ya ɗora su a sikelin mahauci ko na mai sayar da ƙusa, ya ga ko kilo kilo ne. Ya sha cire maganaɗisu daga ƙarƙashin faranti, ya sha kama kwanon awon da aka bubbuge gindinsa. Shi ya sa har bayan ya yi ritaya, in ka ce masa gari ya waye, sai ya leƙa taga tukuna. Duk unguwa Baba Sikeli ake kiransa, har matarsa in ta so tsokana.

Tun yana aiki yake sayen hannun jari kaɗan-kaɗan, na wani kamfanin siminti da bankuna biyu. Wani dillali ne ke kula masa, mutum mai murya kamar zuma, kuma zumar ce ba ta kwanta masa ba. Da babbar 'yarsa ta nuna masa yanzu mutum na iya saye da sayarwa da kansa a waya, sai ya riƙe wayar nesa da fuska ya ce, "Waɗannan lambobi kamar ƙwan kwarkwata? In yatsana ya zame fa? Kwamfuta nake so, in ga abu da girmansa."

Mijin 'yar yana ji ya gyara zama. Nan take ya cika takarda: allo huɗu, na'ura mai fanka uku da fitilu masu canza launi, kujera mai juyawa. "Haka manyan 'yan kasuwar suke yi, Baba. Akwai wani abokina, zai yi maka sauƙi."

Kalmar "abokina" ce ta ɓata cinikin. Baba Sikeli ya ninke takardar ya sa a aljihu, washegari ya hau mota shi kaɗai zuwa layin masu kwamfuta.

Shagon farko suka yaba takardar, suka ce allo shida ya fi. Na biyu suka ba shi kujera da ruwan sanyi, ya ƙi sha. Na uku ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, wata mata mai tabarau tana kwance wata na'ura da sukudireba. Ta karanta takardar, ta dube shi ta saman tabarau.

"Baba, sau nawa kake saye da sayarwa a yini?"

"A yini? Rabona da sayarwa shekara huɗu."

Ta ɗauki biro ta soke kusan komai. "Wannan kayan masu wasan kwamfuta ne. Kai abin da kake bukata: na'ura ɗaya irin ta ofis, ko da an taɓa amfani da ita, allo ɗaya babba saboda idonka, intanet mai kyau, sai akwatin batir da zai riƙe maka wuta in an ɗauke kana tsakiyar ciniki. Shi ke nan."

Kuɗin bai kai rubu'in na surukinsa ba. Maimakon ya ji daɗi, sai zargi ya kama shi. A duk shekarunsa na kasuwa bai taɓa ganin mai kaya ya rage wa kansa ciniki ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Lalle akwai mataccen kayan da take neman kai da shi.

"Malama, ni ba na cinikin biri a sama. Buɗe mini cikin na'urar."

Ta buɗe ba musu. Ta nuna masa ƙwaƙwalwar, ta nuna masa ma'ajiyar, ta kunna ta bar shi ya ƙidaya da agogonsa daƙiƙa nawa take yi kafin ta tashi. Bai fahimci rabin abin da ya gani ba, amma ya yi ta gyaɗa kai yana kallon hannunta, ba na'urar ba. Bai ga hannun ya ɓoye komai ba.

"Saura akwatin batirin."

Ta kwance shi, ta zaro batirin ta miƙa masa. Yana karɓa fuskarsa ta canza. Ya ɗaga shi sama, ya sauke, ya mayar hannun hagu. Ya karanta rubutun jikinsa a hankali: kilo biyu da ɗigo ɗaya. Sai ya laluba aljihun ciki ya fito da ɗan sikelin ratayawa da ya fi matar shekaru, ya sa batirin a leda ya rataya.

"Kilo ɗaya da rabi," ya ce a hankali. "Ina sauran?"

Matar ta karɓi sikelin ta duba da kanta. Ta ce batir dalma ce nauyinsa, wanda aka rage wa dalma kuwa ba zai riƙe wuta minti biyar ba. Ta jawo kwalin da aka kawo mata makon jiya, suka auna batiran ɗaya bayan ɗaya a kan teburin shagon. Cikin goma sha biyu, bakwai ba su cika ba.

Ta kira mai kawo mata kaya a gabansa. Muryarta ta ɗaga har mai shagon kusa ya leƙo. Baba Sikeli dai yana tsaye yana nazarin fuskarta. Ya ga irin wannan fushin sau ɗari: mahauci ya zagi wanda ya sayar masa da sikeli, alhali shi ya sa maganaɗisun. Amma ya lura da abu ɗaya. Da ta ajiye waya, ba shi ta fara ba wa haƙuri ba. Littafi ta buɗe tana neman lambobin mutum biyu da suka riga suka sayi batir daga kwalin.

Ya sayi kayan. Batirin da ya cika shi ya zaɓa, ya kuma yi masa alama da ƙusa don kada a musanya kafin a ɗaure.

Aka kafa kwamfutar a ɗakin da 'ya'yansa suka tashi, kan tsohon teburin guga. Surukin ya zo ya ga allo ɗaya tal, ya ce, "Baba, ai an cuce ka." Matarsa daga ƙofa ta ce, "Ɗana, wanda zai cuci wannan sai ya yi sammako."

Yanzu kullum bayan karin kumallo yakan zauna gaban allon da tabarau da littafinsa, ya kwafe farashi da hannu, ya kwatanta da na jarida. Ya sallami dillalin. Sau ɗaya ya sayar da wani abu, ranar kuwa sai da ya sa 'yarsa ta tsaya a bayansa ta karanta masa lambar sau uku kafin ya danna.

Mai shagon kuma, duk sa'ad da sabon kwali ya iso sai ta kira shi. Yakan sa riga mai guga ya tafi, ya auna, ya rubuta, ya dawo da fara'ar da matarsa ta ce rabonta da gani tun yana aiki.

Wata rana 'yarsa ta tambaye shi, "Baba, yanzu dai ka yarda matar nan mai gaskiya ce ko?"

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Ban ce ba. Wata takwas ne kawai da sanina da ita."